Filin Tambaya da Amsa: Yaran da ke bayan murhun shawarma

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan mako. Saƙonni sun taru sosai, kuma da yawansu daga 'yan uwanmu ne mazauna ƙasashen Larabawa, duk a kan magana ɗaya, wato yaran da ake gani suna aiki a shagunan shawarma da soyayyar kaza da sauran abincin tekawe. Na zaɓi huɗu, na ɗan rage tsayin wasu saboda fili, a yi min afuwa.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Azhar, ina zaune a Hayyul Ashir a Alƙahira. Akwai wani shagon shawarma da muke zuwa in mun taso daga muraja'a, wato bitar karatu, wani lokaci har ɗayan dare, kullum sai na tarar da wani yaro da bai fi shekara 11 ba yana goge tebur yana wanke-wanke, wata rana ma shi ke tsamo dankali daga cikin mai. Ranar nan na ga tabon ƙuna a hannunsa tun daga wuyan hannu har gwiwa. Wai ƙasar nan ba doka ne? Kuma in daina sayen abinci a wurin ne ko yaya zan yi? (Daga wani ɗalibi a Alƙahira)

AMSA: Ƙanena Allah ya ba da ilimi mai amfani, kuma Allah ya saka maka da ka ɗaga ido ka kalli hannun yaron nan, don mutane nawa ne suka karɓi shawarma daga hannun nan ba su gani ba.

Doka kam akwai ta, har da ƙari. Dokar yara ta Masar mai lamba 12 ta 1996, wadda aka yi wa gyara a 2008, ta hana a ɗauki yaro aiki in bai kai 15 ba. Wanda ma ya kai, ba a yarda ya wuce awa shida a rana ba, kuma ba ya aiki daga bakwai na yamma zuwa bakwai na safe. Tsarin mulkinsu na 2014 ma a sashe na 80 ya hana a sa yaro aiki kafin ya wuce shekarun karatun dole. Ka ga kenan yaron da ka gani an karya doka a kansa ta shekaru, an karya ta lokaci, sannan ga tafasasshen mai.

To me ya sa yake wurin? Ka fara duba aljihun gidansu. A farkon 2022 dala ɗaya tana wajen fam 16 na Masar, zuwa Maris 2024 ta doshi 50, albashin uba kuma bai ninka uku ba, haya ta tashi, man girki ya tashi, kuɗin darasin lesin da iyaye ke biya don yaro ya ci jarabawa shi ma ya tashi, sai uwa ta zauna ta yi lissafi ta ga yaron nan in ya je makaranta kashewa ake, in ya je shago kuma zai dawo da 'yan kuɗi da ragowar burodi. Ba rashin so ba ne wallahi, yawancinsu da kuka suke tura yaran. Sannan ga baƙi, 'yan Siriya da suka cika unguwannin Sitta Oktoba da Rihab tun bayan yaƙin 2011, su ne ma suka ƙara raya kasuwar shawarma a Masar, ga 'yan Sudan da suka kwararo bayan 15 ga Afrilun 2023 suka cika Faisal da Ardul Liwa, wasu sun buɗe gidajen abinci har da agashe, wanda ka san sana'ar Hausawan Sudan ce tun asali. Don haka kar ka yi mamaki wata rana ka yi wa yaron bayan murhu Hausa ya amsa maka.

Amma kar mu tsaya kan talaucin iyaye kawai mu wanke mai shago, a nan ne nake da zafi. Mai shago ba taimako ya ɗauki yaron don ya yi ba, duk da haka zai ce maka in ka tambaye shi. Babba zai nemi cikakken albashi, zai nemi a sa shi a inshora, in an zage shi zai rama, in mai ya ƙona shi zai iya kai ƙara. Yaro kuwa yaumiyya, wato kuɗin yini, ake ba shi a hannu ba takarda ba sa hannu, a kore shi yau a kawo wani gobe, in sufeton ƙwadago ya leƙo a ce ɗan ƙanwata ne ya zo hutu, ko a tura shi ta ƙofar baya ya je sayo wani abu. Su kansu sufetocin ba su da yawan da za su zagaye ƙananan shagunan birni irin Alƙahira, kuma wa zai zo duba aiki ƙarfe ɗayan dare. Arhar da kake gani a sandwici ɗin nan, wani ɓangarenta daga barcin yaron nan aka cire.

Kuma mutane suna raina haɗarin kicin, gani suke ai ba ma'adinai ba ne ba gini ba. Ka tsaya kusa da sandar shawarma minti biyar ka ji, wutar gas ce a tsaye tana dukan fuska, ga doguwar wuƙa, ga injin niƙa nama, ga tukunyar gas da ake sa yaro ya mirgino, ƙasa kullum da santsin maiƙo, kaskon suya kuma an yi shi ne daidai tsayin babba, shi yaro sai ya yi ɗage ya miƙa hannu sama, shi ya sa ƙunar take kama su daga wuyan hannu zuwa gwiwa kamar yadda ka gani. Da Ramadan abin ya fi muni, daga buɗa-baki har sahur suna tsaye.

Batun ka daina saye, gaskiya ni ban ga abin da zai ƙara wa yaron ba in ka ɓace shiru. Mai shago ba zai ma san dalili ba. Tunda kai kwastoma ne na kullum kana da bakin magana, ka samu mu'allim ɗin, wato mai shagon, lokacin da ba jama'a, cikin ladabi, ka ce yaron nan a ɗauke shi daga wajen mai mana, a riƙa sallamarsa da wuri, ku ɗalibai in kun haɗu ku biyar shida kuka faɗi haka zai ji, don ba ya son rasa ku. Ka tambayi yaron sunansa da ko yana zuwa makaranta. In za ka ba shi wani abu ka ba shi a hannunsa ba a gaban mai gida ba. In kuwa ka ga duka ko wani abin da ya fi haka, akwai layin agajin yara na Masar, 16000, na majalisar kula da yara da iyaye mata, ka sa wani abokinka ɗan ƙasa ya kira tunda kai baƙo ne kana da iƙamarka, wato takardar izinin zama, da za ka kiyaye. In iyayen 'yan ƙasa ne kuma, akwai shirin Takaful da Karama da aka fara a 2015, ana ba gida kuɗi bisa sharaɗin yara su riƙa halartar makaranta aƙalla kashi 80 cikin 100 na kwanaki, ko da kuɗin ba su da yawa suna rage wani abu.

TAMBAYA: Malama ni ban ga abin tayar da hankali ba. Ni ɗan kasuwa ne ina zuwa Dubai da Alƙahira da Jidda, ina ganin yaran nan. Mu ma da muna yara mun yi wanke-wanke a wurin mai shayi, mun yi talla, ga shi mun zama mutane. Annabi ma ya yi kiwo. Wannan surutun bautar da yara na Turawa ne kawai, so suke 'ya'yanmu su tashi sangartattu. (Daga wani Alhaji a Kano)

AMSA: Alhaji ranka ya daɗe, Allah ya ƙara buɗi. Rabin maganarka na yarda da ita ɗari bisa ɗari. Yaron da bai iya komai da hannunsa ba an cuce shi, kuma ba wanda ya ce kar yaro ya taya ubansa a shago bayan ya taso makaranta. Ita kanta yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 138 ta 1973 da ake ta ambata, ta bar ƙofa ga aiki mara nauyi daga shekara 13, a ƙasashe masu tasowa ma daga 12, in dai ba zai taɓa lafiyar yaro ko karatunsa ba. To ba a nan rigimar take ba.

Amma ka ce maganar Turawa ce, a nan zan roƙe ka ka buɗe Muwaɗɗa ta Imamu Malik, littafin da muke karantawa a zaurukanmu. A ciki an ruwaito Sayyidina Usman ɗan Affan a cikin huɗuba yana cewa kada ku ɗora wa ƙaramin yaro neman kuɗi, domin in bai samu ba zai yi sata. Khalifa na uku ne ya faɗa a Madina, fiye da shekara dubu kafin a kafa wata ƙungiyar ƙwadago a Janeba. Kuma Annabi (SAW) ya mayar da Abdullahi ɗan Umar ranar Uhudu yana ɗan 14, sai ranar Handaƙ da ya kai 15 ya ba shi izini, wato akwai nauyin da ake jira sai ƙashi ya yi ƙwari. Anas ɗan Malik ya yi wa Annabi hidima shekara goma, ya ce ko tir bai taɓa ce masa ba. Alhaji tsakaninka da Allah, shagunan da kake shiga a tafiye-tafiyenka haka ake yi wa yaran magana?

Kiwo da koyon sana'a a gaban uba ko maigidan da ya san gidanku daban, yaro yana koyon abin da zai ci abinci da shi gobe. Yaron da ya shekara huɗu yana goge tebur da kwashe shara ba abin da ya koya, ba a barinsa ya taɓa haɗin naman ma don sirrin mai shago ne, ranar da ya girma ya nemi albashin manya sai a sallame shi a ɗauko ƙaninsa, ya fito ba boko ba allo ba sana'a. Je ka wuraren shan shisha a Beirut ko Amman ka ga yaron da ke yawo da kaskon garwashi tsakanin tebura, yana hura wuta yana shaƙar hayaƙi har tsakar dare, wace sana'a yake koya?

Kuma ka ce kun zama mutane, Alhamdulillahi, Allah ya ƙara rufa asiri. Amma ka tuna duk waɗanda kuka yi wanke-wanken nan tare, ka lissafa su ɗaya bayan ɗaya, su nawa ne suke hawa jirgi zuwa Dubai yau, su nawa ne har yanzu suna inda ka bar su.

TAMBAYA: Anti don Allah manyan kamfanoni irin su McDonald's da KFC su ma suna sa yara aiki a ƙasashen Larabawa? Kuma yara nawa ne abin ya shafa? (Daga wata ɗaliba a Maraɗi)

AMSA: 'Yata, inda abin ya yi katutu shi ne ƙananan shaguna na unguwa, na falafil da ful da kushari da mana'ish da masu gasa kaza, waɗanda ba rajistar ma'aikata ba komai. Manyan rassa, musamman a ƙasashen Gulf, galibi da baƙin ma'aikata manya suke aiki, 'yan Indiya da Nepal da Filifin da Masar da ake kawowa da biza, su kuma matsalarsu daban ce, ta kafili, wato ubangidan da bizarsu ke hannunsa, da albashi, wata rana za mu yi ta. Amma babban suna ba ya wanke kowa, a Amurka kanta a watan Mayun 2023 ma'aikatar ƙwadago ta ci tarar wasu masu riƙe da rassan McDonald's su uku bayan ta samu yara 305 suna aiki ba bisa ƙa'ida ba, ciki har da biyu 'yan shekara 10 a birnin Louisville na jihar Kentucky da ke kaiwa ƙarfe biyun dare.

Lissafi kuma, na duniya baki ɗaya rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya (ILO) da UNICEF ya ce yara miliyan 160 a farkon 2020, rahoton 2025 ya ce ya sauko zuwa wajen miliyan 138, kuma mafi yawansu a gona suke. A Yaman binciken 2010 ya samu miliyan 1.3, tun kafin yaƙi kenan. A Jodan binciken ƙasa na 2016 ya samu yara kusan 76,000 suna aiki, wajen 45,000 a aiki mai haɗari, kuma abin da zai ba ki mamaki kusan kashi 80 cikin 100 'yan Jodan ne, ba 'yan gudun hijira ba, alhali dokarsu ta hana aiki ƙasa da shekara 16.

Labanon ce ta fi tsaya min a rai. A 2015 aka tsaurara wa 'yan Siriya sabunta takardar zama, aka sa biyan dala 200 kan kowane babba a shekara, aikin da aka yarje musu kuma bai wuce noma da gini da shara ba. Uba ba takarda yana tsoron shingen sojoji, in ya fita za a iya tsare shi, yaro kuwa ba a cika tsayar da shi ba, sai uba ya zauna a tanti ɗan shekara 12 ya fita ciyar da gida. Daga 2019 kuma kuɗinsu ya rushe, dalar da take lira 1,507 ta koma wajen 89,500, sai 'ya'yan 'yan ƙasa ma suka bi sahu zuwa gidajen burodi da na abinci. Duk inda kika ga yaro a bayan kanta, ki nemi abin da ya ɗaure hannun ubansa.

TAMBAYA: Anti ina cikin damuwa. Ina zaune a Jidda shekaru da yawa. Maƙwabciyata bahaushiya ce mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu, duk nan aka haife su amma ba su da iƙama. Babban ɗan shekararsa 13, yana aiki a bayan wani mat'am, wato gidan abinci, na shinkafa bukhari, yana fere albasa da wanke manyan tukwane daga la'asar har bayan sha biyun dare. Watan jiya mai wurin ya riƙe masa rabin kuɗinsa wai ya fasa faranti. Raina ya ɓaci, ina so in kai ƙara amma ina tsoron abin da zai biyo baya. (Daga wata Hajiya a Jidda)

AMSA: Hajiya sannu, Allah ya ji ƙan mamacin ya raya abin da ya bari. Tsoronki yana kan hanya, kar ki yi gaggawa. A dokar ƙwadago ta Saudiyya ba a ɗaukar wanda bai kai 15 ba, matashi kuma ba ya aikin dare ba ya wuce awa shida, don haka mai mat'am ɗin ya yi laifi, ya kuma ƙara da laifin ɗaukar mara iƙama. Sai dai ranar da hukuma ta shigo ba shi kaɗai za ta duba ba, za a tambayi takardun yaron, daga nan a kai ga uwar, ƙarshenta a iya kwashe su gaba ɗaya zuwa tarhil a Shumaisi, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, a sauke su a ƙasar da yaran ba su taɓa gani ba. Shi mai wurin ya san da haka sarai, shi ya sa ya samu ƙarfin halin riƙe kuɗin maraya a kan faranti. Irin wannan hukuncin ba naki ba ne ke kaɗai, na uwar ne, kar ki yi komai a bayan idonta.

Abin da nake ganin za ki iya, ki fara da kuɗin da aka riƙe. Ki samu dattijo cikin manyan Hausawan unguwa, ko limamin masallacin da mai mat'am ɗin yake sallah, su je su same shi. Mutumin da ba ya tsoron yaro yana jin kunyar limaminsa, a tuna masa hadisin a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, a tuna masa abin da Alƙur'ani ya ce kan masu cin dukiyar marayu. In an samu kuɗin sai a nemi a rage masa lokaci, ya riƙa tashi bayan isha'i, a kuma raba shi da ɗaga tukunya mai zafi, tukunyar bukhari babba ma da ƙyar yake ɗaga ta shi kaɗai.

Sai babbar maganar, karatu. Yaron da ba takarda shiga makarantar gwamnati yana yi masa wuya, na sani, amma halƙar Alƙur'ani a masallaci da masu koyarwa a gida ba su gagara ba, ko awa biyu da safe ya iya karatu da rubutu da lissafi. Ku matan unguwa kuna adashi, kuna haɗa gudummawar biki, ku tambayi uwar nawa yaron yake kawowa a wata, ku ga ko mutum goma za su iya ɗaukar rabin wannan kuɗin, zakka ma ta halatta a kansu. In aka cike mata gurbin nan ita da kanta za ta rage masa aikin, ba uwar da ke son ɗanta ya dawo ƙarfe ɗaya hannu duk ya yi fari da ruwan sabulu.

Kuma ki zaunar da ita ku yi maganar takardu, ko ba ta so. Ta je ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarta a nan Jidda ta nemi a yi wa yaran shaidar ɗan ƙasa, don ko zama ko komawa gida duk sai da ita. Shekara biyu uku masu zuwa yaron zai yi tsayin da 'yan sanda za su fara tsayar da shi a hanya, ƙannensa uku kuma suna biye, gara a fara neman dangin uban a gida tun yanzu a san wa zai karɓe su in tafiyar ta kama. Ki sake rubuto min bayan dattawan sun je, ki gaya min abin da mai mat'am ɗin ya ce.